Taki a Rabin Kuɗi: Ina Manomin da Ruwa Ya Ci Zai Samo Nasa Rabin?

Duk shekarar da ambaliya ta shafe gonaki a Jahun da Miga da Ringim, kamar yadda ta yi a 2022, zance ɗaya ke yawo daga majalisun Dutse har kasuwar Shuwarin: wai gwamnati ta turo wa manoma diyya, manya sun danne. Ba na wanke kowa, domin an sha ganin sunan wanda bai taɓa riƙe fartanya ba a jerin manoma. Amma yawancin abin da ake shela a rediyo ba diyyar asara ba ce, kuma zaman jiran diyyar da ba a yi alkawarinta ba manomi yake cuta.

Abin da hukumomin agajin gaggawa na NEMA da SEMA ke kaiwa bayan ambaliya, wato hatsi da tabarmi da barguna, na ceton rai ne. Babu wanda ya auna fadamarka ya ƙirga buhunan shinkafar da suka nutse.

Babban tallafin da ake ta magana a kai kuwa rangwame ne. A watan Nuwamban 2023 Ministan Noma Abubakar Kyari ya ƙaddamar da noman alkama na rani a yankin Haɗeja ƙarƙashin shirin NAGS-AP: iri da taki da maganin feshi, gwamnati ta ɗauke rabin kuɗin, manomi ya biya rabi. Rabin gwamnatin ma daga bashin dala miliyan 134 na Bankin Raya Afirka ya fito, kuma ƙasa ce za ta biya shi.

A nan gizo ke saƙar. Mutumin da ruwa ya cinye wa damina ya shiga kaka rumbu wayam, ga bashin takin da ya zuba, ga iyali. A ce masa ya kawo rabin kuɗi daidai yake da a ce wa wanda gobara ta tashe shi tsaye an karya farashin kwanon rufi. Sai mai kuɗi ya zo ya biya masa, ya ɗan miƙa masa na cefane, ya kwashe kayan. Kwana biyu sai ka ga buhun nan a rumfar kasuwa da cikakken farashi, a takarda kuwa an rubuta manomi ya amfana. In ma ya yi ta maza ya sayar da akuya ya biya, idan kaya suka makara aikin banza ne, domin alkama sanyin hunturu take so. Wadda aka shuka bayan tsakiyar Disamba zafi ke riskarta kafin ta cika ido.

Mu ma da namu laifin. Shirin Anchor Borrowers da Babban Bankin Najeriya ya fara a Kebbi a 2015 bashi ne, an kuma raba fiye da naira tiriliyan ɗaya. Da yawa suka ɗauke shi ganima, suka ƙi biya, yau ga shi bankin ya janye hannu daga irin wannan lamuni. Wanda ya ƙi biya ƙaninsa ya rufe wa ƙofa.

Abin da ya yi kama da diyya ta gaskiya inshorar amfanin gona ce ta hukumar NAIC, wadda gwamnati ke ɗauke rabin kuɗin shigarta. Manomi nawa aka taɓa zaunar da shi a Kiyawa aka yi masa bayaninta da Hausa?

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Malaman gona na hukumar raya noma ta jiha, JARDA, su taka gona da ƙafarsu kafin a rubuta suna. A liƙa jerin sunayen a ƙofar dagaci, inda kowa ya san gonar kowa. Wanda aka tabbatar ruwa ya ci shi a ɗaga masa nasa rabin har ya girbe, a kuma kai kaya kafin Nuwamba ta raba. Shi kuma manomi, in ya sheƙe alkamarsa, ya biya abin da ke kansa.