In Kaka Ta Yi, Ina Za a Sa Kaya?

Duk wanda ya leƙa gidan manomi a Tudun Wada ko Doguwa cikin watan Nuwamba ya ga abin da idonsa. Buhunan masara sun cinye rabin ɗaki, kwanukan jeren uwargida an cusa su ƙarƙashin gado, yara sai sun tsallake kaya kafin su kai ga tabarma. Wadata ce, alhamdu lillahi, amma ta zo da cunkoso.

Iyayenmu suna da ƙa'ida guda: kaya ba ya taɓa ƙasa. Rumbu a kan duwatsu ake ɗora shi saboda danshi da gara. Ƙwaryar nono tana lilo a ragaya, inda ɓera ba ya kaiwa. Tufafin sallah suna cikin adaka. Tsoron ɓarayi ne ya sa yau da yawa suka kwaso hatsi daga rumbu suka shigo da shi ɗakin kwana.

Ƙa'idar nan ta fi amfani a kudancin Kano, musamman wajejen dajin Falgore da Riruwai, inda damina ta fi ta arewacin jihar nauyi. Kabad ɗin katakon matse da ake saya wa amarya da tsada, damina biyu sai gindinsa ya kumbura. Bulo huɗu da falanki biyu sun isa su ɗaga buhu daga siminti, a bar tazarar taku ɗaya tsakaninsa da bango don iska ta ratsa. Bokitin fenti da aka wanke tas, mai murfi, yana riƙe gari da kuka da kuɓewa busasshiya. Ƙusa a bango kuwa kusan kyauta ce.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙwayar maganin ƙwari da ake jefawa cikin buhun wake, a ɗakin da yara ke barci. Iskar da take fitarwa guba ce mai kisa. Amma akwai mafita: tun 2007 aka fara yaɗa buhun PICS a Afirka ta Yamma, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. In waken ya bushe sosai aka ɗaure kowace leda daban, iska takan ƙare wa ƙwarin su mutu ba tare da magani ba. In ba a huda shi ba, manomin Kiru ko Bebeji zai sake amfani da shi baɗi.