Wa Ya Zaɓa Mana "Zaɓaɓɓun Waƙoƙin Shata"?

A tashoshin motar Lafiya, daga masu lodin Akwanga da Jos zuwa masu Doma da Makurɗi, da wuya direba ya tayar da mota babu memori a rediyonsa, kuma sau da yawa akwai jakar da mai turi ya raɗa wa suna "Zaɓaɓɓun Shata". Da an kunna ta musu kan tashi. Dattijo ya ce an bar masu nauyi an kwaso na tashe. Matashi ya ce ai waɗannan su ne Shatan, in da akwai waɗanda suka fi su da an ji su. Wani kuma ya rantse cewa wannan "Bakandamiya" ba ita ce ta asali ba. Ana ɗaukar musun a matsayin hirar rage tafiya, alhali akwai babbar magana a ƙarƙashinsa: duk wanda ya tsamo 'yan waƙoƙi daga rumbun mawaƙin da ya rasu, shi ke yanke wa 'yan baya irin mawaƙin da za su sani. Aiki mai nauyin haka bai kamata a bar shi ba ƙa'ida ba.

Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa a 1923, ya rasu ranar 18 ga Yunin 1999 bayan fiye da shekara hamsin yana waƙa, kuma shi kansa bai san adadin waƙoƙinsa ba. Ba ya rubutawa. A gaban taro yake ƙaga baiti, kalangai na tashi, 'yan amshi na karɓa, don haka waƙa ɗaya kan fito da kamanni daban a Funtuwa da Kano. Abin da ya iso kunnenmu ya bi ta rariya uku. Ta farko faifan garmaho, wanda gefensa bai cika wuce minti uku ba, sai a datse waƙar da a filin biki takan yi rabin sa'a. Ta biyu rediyo, musamman shirye-shiryen gaishe-gaishe irin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, inda abin da ya dace a sa a iska kaɗai ke maimaituwa. Ta uku masu kaset, sannan magadansu masu turi, waɗanda ke kwafar abin da ya riga ya karɓu. Kowace rariya ta riƙe wani abu, har mutumin da ya yi wa sarki da direba da manomi da soja waƙa, ya kai ga waƙe kumbon Apollo 11, ya koma mai 'yan waƙoƙin da ake juyawa kullum.

Ba mu kaɗai ke wannan rigima ba. A Nuwamban 2000 aka fitar da faifan 1 na ƙungiyar The Beatles ta Ingila, mai waƙoƙi 27, ya kuma sayu fiye da kwafi miliyan 30. Masoya sun yi ƙorafin rashin "Strawberry Fields Forever" a ciki, amma amsar a fili take: waƙoƙin da suka hau mataki na ɗaya a Birtaniya ko Amurka kaɗai aka ɗauka, ita kuwa ba ta hau ba. Mai jin haushi ya san ma'aunin da zai ji haushinsa. Faifan Legend na Bob Marley, da ya fito a 1984, shekara uku bayan mutuwarsa, darasinsa daban ne. Babu waƙa ko ɗaya a cikinsa daga Survival na 1979, kundin da ya fi maganar 'yancin Afirka. Masu sharhi sun daɗe suna cewa an tausasa mutumin don ya shiga kowane gida, kuma miliyoyin da suka san shi ta wannan faifai sun fi sanin mai waƙar ƙauna da zaman lafiya. Zaɓi na iya sauya fuskar mawaƙi ba tare da an taɓa baitinsa ko ɗaya ba.

Za a ce ba don masu turi ba, da yaron da aka haifa bayan 1999 bai san muryar Shata ba. Gaskiya ne, kuma sun cancanci yabo, domin sun raya abin da hukumomi suka bari yana ruɓewa a tsofaffin kaset. Sai dai ƙofa ba ɗaki ba ce, kuma wanda aka tsayar a zaure zai ɗauka iyakar gidan ke nan. Za a kuma ce jama'a ce ta zaɓa da kunnenta. Amma jama'a na zaɓe ne cikin abin da aka miƙo mata: an fi jin waƙa don an fi sa ta, an fi sa ta don an fi neman ta, wadda ba ta shiga wannan zagaye ba sai ta nutse ko da ta fi su zurfi. Hujja mafi ƙarfi ita ce waƙar baka ba ta da kwafin asali, don haka neman "ta gaskiya" wahala ce kawai. Ai wannan ne ma ya wajabta bayani. Tunda waƙar na da fuska da yawa, mai sauraro na da haƙƙin sanin wacce yake ji, wa aka yi wa, a ina, a wane zamani, kuma cikakkiya ce ko datsattsiya. Haƙƙin ya shafi Ɗanmaraya Jos ma, wanda ya rasu a 2015, kuma mutanen Lafiya ke kallo a matsayin ɗan gida tun suna jihar Filato kafin ƙirƙiro Nasarawa ranar 1 ga Oktoban 1996. Mai kuntigin da ya yi wa'azi kan auren dole da halin ɗan Adam bai kamata ya ƙare a waƙar karen mota kaɗai ba.

Kayan gyaran suna nan. Littafin Shata Ikon Allah na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa, wanda ya fito a 2006, ya tattara tarihin waƙoƙi da mutanen da aka yi wa su. Gidan rediyon jiha na NBS da tashar Precious FM na iya ware fili na mako-mako ga waƙoƙin da ba a cika ji ba, da bayanin kowace, sannan Jami'ar Tarayya ta Lafiya da ta jiha da ke Keffi su sa ɗalibai su bi dattawan da ke ajiye da kaset kafin zaren ya mutu, da sanin iyalan mawaƙan da kiyaye haƙƙinsu. Shi kuma mai sauraro, in ya sake miƙa memori a shago, ya tambayi mai turi wa ya yi zaɓen, da wane ma'auni, kuma ina sauran.