Kafin Tiga Ta Tumbatsa

A watan Agustan 1988 madatsar ruwa ta Bagauda da ke ƙasar Bebeji ta ɓalle bayan mamakon ruwan sama, ta ci gonaki da gidaje da rayuka. Bagauda kuwa 'yar ƙarama ce in aka jera ta da madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ruwan da ya zuba a duwatsun Riruwai na Doguwa da dajin Falgore da ƙasar Tudun Wada, kogin Kano ne ke kwaso shi ya juye wa Tiga.

To, in ta cika ta tumbatsa, ina ruwan zai bi? Yau injiniyoyi kwamfuta suke tambaya. Sukan ɗora mata taswirar tudu da kwari da aka auna daga sararin samaniya, da faɗin kogi da zurfinsa, da yawan ruwan sama, sannan su gwada sakin ruwa a cikin manhaja irin HEC-RAS, wadda injiniyoyin sojan Amurka suka ƙera, ake kuma samunta kyauta. Sai allo ya nuna wace fadama ce za ta fara nutsewa, awa nawa ruwan zai yi kafin ya isa Wudil, inda zai tsaya a gwiwa da inda zai shanye katanga. Ana iya maimaita gwajin sau ɗari, ko kaza ba ta mutu ba.

Hukumar NIHSA na fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, tana jera ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Aiki ne mai kyau, amma manomin Yako da aka ce masa "Kiru na ciki" bai san ko gonarsa ake nufi ba.

Taswirar da za ta kai ga gonarsa sai da awo na ƙasa, kuma nan ne gizo ke saƙa. Kogi na sauya kama: yashi na cike shi, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyinsa can wajen Haɗeja, ana gini a magudanai. Manhajar da aka ciyar da tsohon awo za ta zana taswira mai kyan gani wadda ba ta dace da kogin bana ba. Shi ya sa sandar awon ruwa a gindin gada a Tudun Wada ko Doguwa, da mai karanta ta kowace safiya ya aika wa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are sakamakon awon ta waya, suka cancanci kaso a kasafin kuɗi tun kafin damina ta faɗi.