Ƙwan Zabi da Gwajin Manhaja

Duk wanda ya saba sayen ƙwan zabi da damina ya san ba a dogara da rantsuwar mai talla. Kwano ake cikawa da ruwa, a riƙa saka ƙwan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya nutse ya kwanta lafiyayye ne. Wanda ya taso yana lilo a sama baragurbi ne, sai a ware shi tun bai shiga kasko ya ɓata sauran ba. To, haka masu rubuta manhajar kwamfuta suke yi wa aikinsu, kuma ɗan koyo a bakin kwanon nan ya kamata ya fara tsugunawa.

Ita manhaja ba dunƙule guda ba ce. 'Yan guntayen umarni ne birjik, kowanne da aikinsa: wannan ya tara kuɗi, wancan ya duba lambar sirri. Sai ka ciro guda, ka yi masa tambayar da ka riga ka san amsarta. A ce guntun da ke lissafa canji ne a shago. Mutum ya miƙo naira 1,000, ya sayi kayan 650. In bai ce 350 ba, ya taso ke nan. Wannan mai sauƙi ne, kusan kowa yana cin sa. A gefe-gefe ake kama ruɓaɓɓe: in kuɗin ya zo cif-cif fa? In bai kai ba, zai ƙi ne, ko kuwa zai miƙo canjin da ke ƙasa da sifiri ko kunya babu?

Sai dai ƙwai sau ɗaya ake gwada shi, manhaja kuwa kullum hannu na kanta. Ka gyara nan yau, gobe can ya lalace ba ka sani ba. Shi ya sa gwajin ma rubuta shi ake yi, kwamfuta ta riƙa maimaita ɗaruruwansa kafin shayinka ya huce. Kent Beck da Erich Gamma sun rubuta JUnit, abin gwaji na harshen rubuta manhaja na Java, a cikin jirgin sama daga Zurich zuwa Atlanta a 1997. In ka yi gwaji da shi, kore ya fito, lafiya lau. Ja ya fito, akwai magana. Mai koyon Python ma ba sai ya je nema ba, da unittest harshen yake zuwa.

Ga inda sababbin shiga ke yaudarar kansu. In ruwan kwano bai kai ya rufe ƙwai ba, babu wanda zai taso, sai ka yi ta murna alhali rabi ruɓaɓɓu ne. Gwajin da bai taɓa nuna ja ba, ni ban yarda da shi ba. Ka ɓata lissafin da gangan, ka ga ya yi ƙara, sannan ka mayar. Beck ma cewa ya yi a fara rubuta gwajin tun kafin a rubuta abin da za a gwada.

Amma fa lafiyar ƙwai ba ita ce daɗin waina ba, akwai sauran gishiri da mai da wuta. Haka manhaja take: guntaye na iya yin daidai, a wurin haɗuwa a sami matsala. A 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter a daidai isarsa duniyar Mars. Wani ɓangaren manhajar yana ba da ƙarfin turi da ma'aunin fam irin na Amurka, mai karɓa kuma ya ɗauka ma'aunin Newton ne. Kowanne lissafinsa na tafiya daidai a gidansa, a wurin miƙa wa juna aka yi ɓarin, kumbon ya sauko ƙasa-ƙasa fiye da kima, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.