Ko Kun Sani?

Da yawa daga cikin motocin haya da ke jigila tsakanin Funtuwa, Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, kulocinsu da man birki yake aiki. Idan direba ya taka, famfo na sama ya turo man ta siririn bututu zuwa famfo na ƙasa da ke jikin giya, shi kuma ya raba inji da giya. Masanin Faransa Blaise Pascal ne ya bayyana wannan ƙa'ida tun ƙarni na 17: ruwa ba ya matsuwa, ƙarfin da aka sa masa yake isarwa.

Iska kuwa tana matsuwa. Shi ya sa da ta shiga bututun sai kuloci ya yi laushi, giya ta ƙi shiga, sai an fitar da iskar. Man yana tsotsar danshi, musamman da damina. Sabon man birki samfurin DOT 4 yana jure zafin digiri 230, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa a 155. Kada a kuskura a zuba man inji, yana kumbura robobin famfo.

Idan gyaran ya kai ga ɗaga mota, abin da ya fi damuna shi ne jak. A jak mai aiki da mai, ƙaramar roba ce ke riƙe da mota mai nauyin fiye da tan guda, ga ƙasar damina mai laushi. Kafin ka shiga ƙarƙashi, ja birkin hannu, sa waigi a tayoyi, ka tokare motar da ƙafar ƙarfe ko gungumen katako. Kada ka tokare da bulon siminti, yana farfashewa farat ɗaya.