Tafiyar Iyali a Jirgin Ruwa a Gaɓar Tekun Norwe

 Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani dattijo manomi a karkarar Gumel. Ya ce ɗansa yana aiki a ƙasar Norwe, a can ya hayayyafa, jikoki uku, kuma babu wanda ya taɓa ɗauka a cikinsu, sai dai ya ji muryarsu a waya. Yanzu ɗan ya aiko cewa yana so shi da mai ɗakinsa su je, a haɗu gaba ɗaya, kakanni da iyaye da jikoki, a shiga jirgin ruwa a yi kwana da kwanaki ana bin gaɓar teku. Dattijon yana tambaya, wace irin tafiya ce wannan, ba fatauci ba, ba aikin hajji ba? Sanyi ba zai yi masa illa ba? Kuma ya ji an ce rana ba ta faɗuwa a can, to yaya mutum zai yi salla?

To, Baba, Allah Ya ja kwana. Bari mu bi tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya.

Ita dai Norwe tana can ƙurewar arewacin Turai. Ƙasa ce doguwa siririya, duk duwatsu, yawancin garuruwanta kuwa a bakin teku suke. A zamanin da, kafin a fasa duwatsu a yi tituna, wasiƙa takan yi makonni, da hunturu ma har watanni, kafin ta isa garuruwan arewa. Shi ya sa a shekarar 1893 wani matuƙin jirgi mai suna Richard With ya fara jigilar fasinja da kaya da wasiƙu a kai a kai daga Trondheim zuwa Hammerfest. Suka sa wa wannan zirga-zirga suna Hurtigruten, wato hanya mai sauri. Daga baya aka tsawaita ta, ta tashi daga Bergen a kudu har Kirkenes, dab da iyakar Rasha. Tsawon hanyar ya haura kilomita 2,000, wato kamar mutum ya tashi daga Kano ya je Legas ya komo. Jirgi yakan tsaya a tashoshi 34, zuwa da komowa kuma kwana 11 ne. Mutum na iya sayen rabin tafiyar, ya sauka a Kirkenes ya komo ta jirgin sama.

Ka ga ke nan, asalin jirgin kamar motar kasuwa yake. Har yanzu yana ɗaukar kayan masarufi da mutanen gari masu zuwa garin gaba. A wata tasha minti goma sha biyar kawai zai yi, a sauke kaya a wuce, a manyan garuruwa kamar Trondheim da Tromso kuwa yakan yi sa'o'i. Masu yawon buɗe ido daga baya suka shigo, don kallon abin da Allah Ya shimfiɗa a hanyar.

Mene ne abin kallon? Kowane manomi ya san yadda ruwan sama ke zaizaye gona har ya yanka kwazazzabo. To, a Norwe ƙanƙara ce ta yi wannan aiki. Dubban shekaru da suka wuce ƙanƙara mai kaurin gaske ta lulluɓe ƙasar, tana gangarowa sannu a hankali tana kankare dutse. Da ta narke, wajen shekara 10,000 da suka wuce, sai ruwan teku ya cika ramukan. Shi ne suke kira fiyod: ruwa mai zurfi ya kutsa cikin ƙasa, dutse a dama, dutse a hagu. Mafi tsawonsu, Sognefjord, ya haura kilomita 200, zurfinsa kuma ya wuce mita 1,300. A kan hanyar jirgin akwai wani ƙarami, Trollfjord, wanda faɗin bakinsa bai wuce wajen mita 100 ba, in yanayi ya yi kyau jirgi kan shiga ya juyo.

'Yan kasuwa kuma, ga naku. Busasshen kifin nan mai tauri kamar icce da ake sayarwa a kasuwar Sabon Garin Kano, wanda Ibo ke kira okporoko, yawancinsa daga wannan gaɓa yake fitowa, musamman tsibiran Lofoten, inda jirgin ke bi. Daga Janairu zuwa Afrilu kifin ke zuwa ƙwai, a kama shi, a rataye a kan rumfunan katako, ba gishiri ba hayaƙi, iska da sanyi kaɗai su busar da shi cikin wata uku ko makamancin haka. Nijeriya na cikin manyan masu sayensa. Can gaba kuma akwai mutanen Sami, makiyayan wata dabba mai kama da barewa, mai ƙaho reshe-reshe. Kamar Fulaninmu suke, da hunturu suna cikin ƙasa, in ɗumi ya shigo su koro garke zuwa bakin teku.

Sai maganar sanyi. Akwai shi, Baba, ba za mu ɓoye maka ba. Amma akwai wani ruwan ɗumi da ke malalowa ta cikin tekun Atlantika daga wajejen Amurka, shi ke hana tashoshin nan daskarewa ko da tsakiyar hunturu. A watan Yuli, sanyin Tromso bai wuce na asubar hunturu a Kano ko Jos ba, sai dai shi wuni yake yi, ga iska. A watan Mayu ya fi haka tsanani, a Janairu kuwa ruwa kan daskare a waje. Cikin jirgi da ɗumi, kowane iyali da ɗakinsu, da gado da bayi. In za a fita kallo ne ake sa riga kan riga, da hular sanyi da safa da takalmi rufaffe. Yawancin hanyar tana bi ne ta tsakanin tsibirai inda ruwa ke kwance, amma akwai wuraren da ake fita sarari na 'yan sa'o'i, jirgi ya yi ta tangaɗi, wasu su ji jiri da tashin zuciya. Akwai maganin wannan. Jirgin yana da rigunan ceto da ƙananan jiragen ceto, kuma akan yi wa fasinja bayaninsu tun farkon tafiya. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya fara ganin likita, ya riƙe isasshen maganinsa. Sai kuma biza, wadda ba a bayarwa sai da inshorar lafiya. Wannan aikin ɗanka ne, ya fara da wuri.

Batun rana kuwa gaskiya ne. Duniya a ɗan karkace take yayin da take zagaya rana, saboda haka ƙurewar arewa kan fuskanci rana wata da watanni, sannan ta juya mata baya. A Tromso, daga wajen 20 ga Mayu zuwa wajen 22 ga Yuli rana ba ta faɗuwa, tsakar dare kamar la'asar sakaliya. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu kuma ba ta ɓullowa sam. Akwai Musulmi a garin, har da masallacinsu, kuma a irin waɗannan watanni da yawansu lokacin Makka suke bi wajen salla da azumi. Ni dai ba malami ba ne. Ka zauna da malaminka kafin ka tashi, ya yi maka bayanin wannan da kuma sallar matafiyi. Wajen abinci, akwai naman alade a teburinsu, saboda haka a riƙa tambaya. Kifi da ƙwai da dankali da burodi kuwa sai wanda ya ƙoshi.

Akwai abu guda da ba ka tambaya ba, amma na san yana ranka, wato gona. Watannin da Turawa suka fi son wannan tafiya, Yuni da Yuli, su ne lokacin shuka da noman fari a wajenmu. Shawarata, ka ce wa ɗanka ya duba farkon watan Mayu. Lokacin an gama sharar gona, ruwa bai sauka ba tukuna, a can kuma hunturu ya ja baya, wuni ya yi tsawo, kifin nan yana rataye ka gani da idonka. In makarantar yara ta hana sai Yuli, to sai ka danƙa gonar a hannun wanda ka amince da shi.

Ka ce ba fatauci ba ce, ba hajji ba ce. Haka ne, ziyara ce. A gidanka kaka da jika a tsakar gida ɗaya suke kwana su tashi. A can kowa da gidansa, uba na wajen aiki, yara na makaranta, ko ka je gidan ɗanka wuni za ka yi kai kaɗai. A cikin jirgi kuwa ba mai zuwa ko'ina. Tare za ku ci, tare za ku zauna, yaran su ji Hausa daga bakinka, su san wane ne kakansu, su yi wasan jika da kakarsu. Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa take. In likita ya ce lafiyarka za ta ɗauka, kuma ɗanka ba bashi zai ci ba, to ka je, Baba. In kun dawo lafiya ka rubuto ka ba mu labari.