Bakteriya da Riƙon Ruwa a Cikin Ƙasa

Sanin kowa ne cewa jigawa ba ta riƙe ruwa kamar laka. Dalili kuwa shi ne, ƙwayoyin rairayi manya ne, ramukan da ke tsakaninsu kuma masu faɗi, sai ruwa ya zurare ƙasa nan da nan, abin da ya saura kuma rana ta shanye. Tambayar da masana kimiyyar ƙasa suka daɗe suna yi ita ce, ko za a iya sauya wannan hali ta hanyar amfani da ƙananan halittun nan da ido ba ya gani, watau bakteriya.

Hanya ta farko ita ce ta yauƙi. Wasu bakteriya, musamman masu zama a jikin saiwar tsirrai, suna fitar da wani abu mai yauƙi kamar na kuɓewa, su lulluɓe kansu da shi. Wannan yauƙi yana tsotse ruwa, yana manne ƙwayoyin ƙasa da juna, sa'an nan ba ya sakin danshi da wuri. A shekarar 2018 masu bincike a Jami'ar Delaware ta Amurka sun nuna cewa ƙasar da aka zuba wa wani nau'in Bacillus subtilis ta fi riƙe ruwa, kuma ta fi jinkirin bushewa. Amma fa a ɗakin gwaji aka ga haka, inda babu zafin bazara, babu kuma sauran ƙwayoyin gona da za su yi gogayya da baƙuwar da aka kawo.

Hanya ta biyu ta injiniyoyi ce. Akan zuba bakteriyar da ake kira Sporosarcina pasteurii a rairayi tare da yuriya da sinadarin kalshiyam. Ita bakteriyar sai ta farfasa yuriyar, alli ya taru a tsakanin ƙwayoyin rairayin, ya ɗaure su tamkar siminti. Ramuka sukan ƙanƙance, zurarewar ruwa ta ragu. Sai dai wannan ya fi amfani ga mai gini bisa ga manomi, domin ƙasar takan yi tauri, ga kuma amoniya da aikin yake bari a baya.

Ta uku kuwa, wadda ta fi shafar yankin Sahel, ita ce ta ɓawon ƙasa. Akwai bakteriya masu kama da gansakuka waɗanda suke saƙa wani siririn ɓawo a fuskar ƙasa. A Shapotou, bakin hamadar Tengger ta ƙasar Sin, inda aka kafa shingayen kara tun shekarun 1950 domin kare hanyar jirgin ƙasa daga rairayi, irin wannan ɓawo ya samu sannu a hankali. Daga baya ma aka riƙa renon bakteriyar ana fesa ta domin a gaggauta samuwarsa. Ɓawon yana hana iska kwashe ƙasa, yana kuma riƙe laima a sama-sama. Abin lura a nan shi ne, ruwan da ya tsaya a sama bai kai can ƙasa ba, saboda haka sai ciyayi suka yawaita, itatuwa masu dogon saiwa suka ragu.

A yammacin Nijar, gabas da Yamai, an nazarci irin wannan ɓawo a dazukan da itatuwa suke fitowa layi-layi, da fako a tsakaninsu. A can, ruwan da fakon ya ƙi sha ba asara ba ne, domin yakan gangara ya shiga layin itatuwan da ke ƙasa da shi, kuma da shi suke rayuwa har su kai wata damina.